Ranar da Gidan Darakta Ya Kulle Modibbo

Da hantsi kiran salla ya ɓarke a gidan Alhaji Zainulabidin. Murya ce zazzaƙa irin ta ladanan Makka, ta fito ta lasifikar falo da ta kicin da ta bakin get a lokaci guda, har tantabarun maƙwabta suka tashi fir.

Goggo Iyatu ta fito daga kicin da muciya a hannu. "La'ilaha illallahu! Wace salla ce kuma wannan? Ko shari'ar ce ta zo mana da ta shida?"

"Gwaji ne, Goggo," in ji Mashkura daga ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene, tana dariya.

Yayanta Zainulabidin na tsaye a bayanta, ya riƙe ƙugu, baki har kunne. Darakta ne a wata ma'aikata a Dutse, yana cikin waɗanda suka taso daga Kano da aka ƙirƙiro jiha. Da ya tashi gina gidansa sai ya ɗauko wani kamfani daga Legas, suka haɗa masa abin da ba a taɓa gani ba a garin. Kwamfuta ɗaya ce a ƙarƙashin bene take tafiyar da komai: ita ke kunna fitilu, ita ke tayar da famfo, ita ke sanyaya ɗakuna, ita ke buɗe ƙofofi ta kulle. Mutanen unguwa gidan aljanu suke ce masa. Shekaru sun ja, kamfanin ya tattara ya bar ƙasar, kwamfutar ta tsufa har fatarta ta koma ruwan ƙwai, amma ba ta taɓa ba su kunya ba.

Bana da Alhaji ya dawo daga aikin Hajji sai ya zo da wani faifan sidi mai kiran salla a kan lokaci. Tunda jiha ta ƙaddamar da shari'a kowane babba yake neman abin da zai nuna, shi kuwa ya ƙudurta gidansa ne zai riƙa kiran salla da kansa. Mashkura, autarsu, ba ta daɗe da gama difloma a kan kwamfuta a Kano ba, don haka ita aka ɗora wa aikin.

Sau ɗaya ta yi turus. Ana cikin sa manhajar, kwamfutar ta tsaya ta yi tambaya: akwai wani fayil tsoho a cikinta, faifan yana ɗauke da sabonsa, a maye gurbinsa?

"Yaya, wannan ban san me ke amfani da shi ba fa."

"Me ta ce?"

"Wai a cire tsoho a sa sabo."

"To meye abin tambaya? Ina aka taɓa jin tsoho ya fi sabo? Danna mana, malama mai difloma."

Ta danna. Ladan ya yi kira, kowa ya ji daɗi. Daga nan kwamfutar ta nemi a kashe ta a sake kunnawa, Mashkura ta yi yadda ta ce.

Allon ya yi baƙi, ya dawo. Sai suka ji ƙas, ƙas, ƙas, daga wannan lungu zuwa wancan, kamar ana ɗana bindigogi. Fankar falo ta rage gudu ta tsaya. Na'urorin sanyi suka yi tsit. A kan allon wani ɗan layi ne fari da Turanci, yana cewa manhajar kula da gida ba za ta tashi ba, fayil ɗin da ta tarar ba shi ta sani ba.

Duk ƙofar da take a rufe a wannan lokacin ta kulle kanta. Haka kamfanin ya tsara, saboda 'yan fashi. Sito ya kulle, ɗakin baƙi ya kulle. Sai kuma ɗakin da ke ƙarshen baranda.

"Baffa!" Mashkura ta miƙe har kujerar ta faɗi.

Mahaifinsu Modibbo yana ciki. Tsoho ne mai ciwon asma, da ƙyar aka rabo shi da shanunsa da ɗalibansa a wajen Jahun aka kawo shi Dutse don ya kusanci likita. Kullum in ya karya kumallo sai ya tura ƙofa ya yi walaha, ya zauna kan buzu da carbinsa har azahar.

Zainulabidin ya riga ta isa. Ya danna maɓallin jikin bango, shiru. Ya sa kafaɗa ya bangaji ƙofar, ko gezau. Ƙarfe ne riɓi biyu.

"Baffa, danna maɓallin nan na ciki, ja ɗin!"

Muryar tsohon ta fito can ƙasa-ƙasa. "Na danna, Zainu. Gidan naka ya yi fushi ne?"

"Yanzu za a buɗe, Baffa. Minti kaɗan."

"Ina makulli?" in ji Goggo Iyatu, ƙanwar Modibbo, wadda ta biyo shi Dutse don jinya. "Kowace ƙofa a duniya ai tana da makulli."

Zainulabidin ya sunkuyar da kai. Da akwai kafar makulli. Shi da kansa ya sa mai walda ya toshe su duka bara, da aka shiga gidan wani abokin aikinsa da makullin ɓarayi.

Mashkura ta koma ƙarƙashin bene da gudu. Ta cire manhajar kiran sallar gaba ɗaya, ta kashe kwamfutar ta kunna. Layin nan ya dawo. Ta duba ko tsohon fayil ɗin ya ɓuya a wani wuri, ta bi ciki lungu-lungu. Babu. Sabon ya hau kansa ya shafe shi. Ta ce a kashe wutar gidan duka ko ƙofofin za su saki. Aka kashe, aka jira, aka mayar. Ƙofofin suna nan yadda suke.

Watan bazara ne, rufin gidan kuma kankare. Kafin rana ta take, bangon baranda ya fara ƙona hannu.

Tagar ɗakin Modibbo ƙarama ce, can sama kusa da rufi, an liƙe ta da gilashi an gitta mata ƙarafa. Direban Alhaji ya gangaro da duro, ya hau ya fasa gilashin. Mashkura ta karɓe shi ta hau ta leƙa. Zafin da ya bugi fuskarta kamar ta buɗe tanda. Mahaifinta na zaune kan buzu ya jingina da gado, ya cire rawani, ƙirjinsa na hawa yana sauka da wani ɗan fito.

"Baffa, ka shaƙi maganinka?"

"Na shaƙa, auta. Ke ce kika sa ladan ɗazu? Muryarsa da daɗi. Sai dai bai san lokaci ba."

Ta so ta yi dariya, kuka ya taso mata. Ta zura masa gorar ruwa da igiya.

Waya ta ɗauki zafi a falo. Lambar kamfanin Legas ta daɗe da mutuwa. Aka kira Sagiru, mai kula da kwamfutocin ma'aikatar Alhaji, ya iso a kan babur da jaka cike da fayafayai. Ya zauna gefen Mashkura yana share gumi da hularsa.

"Ranki ya daɗe, wannan ai kakar kwamfutoci ce. Mu namu na ofis mun sabunta su tuni." Ya laluba jakar. "Ga fayil ɗin a nan, sunansu ɗaya."

Suka kwafa, suka kunna. Ta ƙi. Suka gwada na wani faifan, ta ƙi. Wani ya yi mata sabo da yawa, wani kuma da suka sa shi sai allon ma ya daskare, sai da suka sha wuya kafin ya dawo. Suna ɗaya, amma kowanne da zamaninsa, ita kuwa manhajar gidan nata kawai ta sani, wanda aka haɗa ta da shi.

"Sai fayafayan asali," in ji Sagiru. "Waɗanda kamfanin ya bari. Ko kuma a ɗauke ta a kai Kano, akwai wani mutum a Sabon Gari..."

"Kano? A je a dawo, ka san halin da zai kai?"

Ta sami yayanta a baranda, shi da mai walda da likitan da aka ɗauko. Mai walda yana cewa zai iya huda ƙofar da wuta, amma hayaƙin ciki zai tara. Likita ya girgiza kai.

"Hayaƙi kaɗan ya ishe shi. Kada ku soma. Ku fito min da shi kawai, allura yake buƙata da iskar asibiti."

"Tagar fa?"

"Ko na yanke ƙarafan, Alhaji, kafaɗar mutum ba za ta wuce ba," in ji mai walda.

Saura bango. Aka aika a nemo Ɗan'inna, maginin da ya yi aikin gidan tun daga tushe.

"Yaya," in ji Mashkura, "ina fayafayan da kamfanin ya ba ka?"

Ya dube ta kamar wanda aka tasa daga barci. Sai ya juya a hankali ya dubi ƙofar ƙarfen.

"Suna wajen Baffa."

Haka gidansu yake tun suna ruga. Duk abin da yake da daraja, takardar fili ce, zoben gado ne, wajen babba ake kai shi ajiya. Ranar da aka kawo Modibbo gidan, Zainulabidin ya damƙa masa fayafayan ya ce, "Baffa, waɗannan su ne ran gidan nan, ka riƙe mana."

Mashkura ta sake hawa duro. Yanzu tsohon ya zame, ya kishingiɗa a kan buzun, leɓɓansa sun bushe.

"Baffa, ajiyar da Yaya ya ba ka. Wasu abubuwa baƙaƙe masu faɗi. Suna ina?"

"Suna gafaka. Ba abin da ya taɓa su."

"Ka iya miƙo min?"

Gafakar na rataye a ƙusa a ɗaya bangon. Tafiyar da yaro zai yi da tsalle biyu, Mashkura ta kalli mahaifinta yana yin ta da rarrafe, yana tsayawa yana neman numfashi. Ta cije mayafinta don kada ya ji kukanta. Ya sa sandarsa ta kiwo ya zunguro gafakar ta faɗo. Ya laluba, ya ɗaura wani abu a kan sandar, ya ɗaga ta sama. Ta zura hannu har ƙarfen ya yanke ta, ta cafke.

Fata ce ja, an ɗinke ta gefe huɗu da kyakkyawan ɗinki, har da 'yar igiyar ratayawa. Sak laya.

"Na kai wa baduku a kasuwar Jahun," in ji Modibbo daga ƙasa, da ɗan alfahari a muryarsa. "Na ce ya ɗinke su da kyau. Kada gara ta ci, kada ruwa ya taɓa."

Ta sauko ta miƙa wa Sagiru. Sagiru ya sa reza ya farke ɗinkin a hankali. Fayafayai uku ne a jere. Badukun ya yi aikinsa tsakani da Allah: don kada su yi motsi a ciki, sai ya bi ta tsakiyarsu da basilla ya ɗaure su da fatar. Kowanne da huda biyu, fit ta wannan gefe zuwa wancan.

Sagiru ya ajiye rezar.

"A gwada," in ji Mashkura.

"Ranki ya daɗe..."

"Na ce a gwada!"

Ta tura na farko. Kwamfutar ta yi ƙugi, ta yi ƙarar abin da ke karta, ta ce ba ta iya karantawa. Na biyu haka. Na uku ya buɗe, har sunayen fayilolin suka jeru a allo, ga wanda suke nema a tsakiya. Mashkura ta ce Bismillah ta danna kwafa. Ya fara, ya yi nisa, ya kusa rabi, sai ƙarar kartar nan ta dawo. Ta sake. Nan dai ya tsaya. Ta sake, ta sake, har Sagiru ya kama gefen teburin ya ce, "Ya isa haka. Hudar a kansa ta bi."

Daga tagar suka ji muryar Goggo Iyatu, ta hau duron da kanta duk da ciwon gwiwa.

"Sun yi amfani?" Modibbo ke tambayarta.

Goggo ta waiwayo ta dubi Mashkura da ta fito baranda. Ta karanta fuskarta.

"Sun yi, Hamma. Ajiyarka ta yi kyau. Aiki ake."

Gudumar farko ta sauka a bangon ana kiran azahar a masallacin unguwa. Ɗan'inna ya zo da majiya ƙarfi uku. Ya shafa bangon kamar mai shafa doki.

"Alhaji, ka tuna ka ce in yi maka bangon da ko gurneti ba zai fasa ba? To wallahi ban ha'ince ka ba. Kankare ne zalla, da rodi a saƙe a ciki."

"Fasa shi, Ɗan'inna. Rushe gidan duka in ta kama."

Maƙwabta sun cika tsakar gida. Wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana, aka ce an je, motarsu ta tafi gyara. Wani ya ce a ɗaure ƙofar da sarƙa a ja da tifa, aka nuna masa barandar da ko amalanke ba za ta juya ba. Wani dattijo ya tara mutane suka fara salati. Likita ya hau duro da allurarsa a hannu, ya roƙi Modibbo ya miƙe ya kawo damtsensa kusa da taga. Tsohon ya yunƙura sau biyu, ya koma. Likitan ya sauko da allurar yadda ya hau da ita.

Mashkura ta kasa zama ta kasa tsayuwa. Ta koma gaban kwamfutar, ta rubuta duk umarnin da aka taɓa koya mata, har da waɗanda ta san ba su da alaƙa. Layin nan fari yana nan yana kallonta. Ta fito ta hau duro ta yi wa mahaifinta fifita da murfin kwali ta tsakanin ƙarafa, iskar ko rabin ɗakin ba ta kaiwa. Kowace guduma in ta sauka, sai ƙurar siminti ta zubo ta ciki, tsohon ya yi tari.

"Ku jiƙa bangon!" likita ya daka tsawa. "Ku riƙa zuba ruwa!"

Famfo ba ya aiki, shi ma kwamfutar ce. Mata suka yi layi da bokitai daga rijiyar maƙwabta.

Zainulabidin ya tuɓe babbar rigarsa ya karɓi guduma daga hannun wani. Mutumin da ko jakarsa ba ya ɗauka da kansa, ga shi yana dukan bango yana haki, tafin hannunsa ya fashe. Goggo Iyatu ta tsaya a kansa.

"A ruga ɗakinsa ko ƙyaure babu, zana ce. Shekara saba'in ba abin da ya same shi. Kai ka ce za ka tsare shi."

"Goggo, don Allah."

"Na yi shiru. Daka."

Rana ta karkata kafin haske ya ɓullo ta bangon. Rami ya samu, suka faɗaɗa shi da cizal, sai ga rodin a gicciye kamar raga. Mai walda ya sa zarto, don likita ya hana wuta. Rodi ɗaya ya yanke, na biyu ya yanke, haƙoran zarton suka zube, aka ruga kasuwa neman wani. Abin da ya buɗe bai fi faɗin faranti babba ba.

"Ba namijin da zai wuce nan," in ji Ɗan'inna.

Mashkura ta riga ta yar da mayafinta. Ba wanda ya ce mata kul. Ta zura hannuwa da kai, bakin rodin ya tsaga rigarta ya karce mata haƙarƙari, Goggo ta turo ƙafafunta, ta faɗa ciki a kan ɓaraguzai.

Ɗakin kamar cikin tukunya. Ta rarrafa ta ɗago kan mahaifinta ta ɗora a cinyarta. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Likita ya miƙo allurar ta ramin yana gaya mata inda za ta soka, ta soka. Ta jiƙa gefen zanenta ta goge masa fuska, ta ɗiga masa ruwa a baki.

Ya buɗe ido. "Auta. Ta ina kika shigo?"

"Ta bango, Baffa."

"Ikon Allah." Ya yi ɗan murmushi. "Zainu ne ke dukan nan?"

"Shi ne."

"Ki ce masa... kada ya ji ciwo."

An kawo sabon zarto. Ƙarar yanka da ta guduma suka haɗu, Ɗan'inna na ihu a ƙara ruwa, yayanta na cewa saura kaɗan, Baffa, saura kaɗan. Mashkura ta ji fiton ƙirjin yana raguwa, ta ɗauka allurar ce ta fara aiki, har ta buɗe baki za ta yi wa likita albishir. Sai ta ga leɓɓan tsohon suna motsi. Ta sunkuya ta kasa kunne. Kalmar shahada yake yi. Ta kama masa, suka yi tare, ta kai ƙarshe ita kaɗai.

Ta jira numfashi na gaba. Bai zo ba. Ta sa hannu ta shafe masa idanu, ta gyara masa gemu, ta jawo rawaninsa ta rufe shi.

A waje ba wanda ya sani. Rodi na uku ya faɗi, mutane suka yi kabbara. Ta ramin tana hango yayanta, fuskarsa fari fat da siminti, jini na bin ƙotar gudumar, yana ɗagawa yana saukewa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Mashkura! Yaya jikin nasa? Ki ce masa ya ƙara haƙuri, yanzu za mu fito da shi!"

Ta juyo wajen ramin.

"Yaya," ta ce, "ku yi a hankali yanzu. Ba sauri."

Gudumar ta tsaya a sama. Ya sauke ta ƙasa sannu, ya durƙusa a bakin ramin ya leƙo. Daga bayansa Goggo Iyatu ta fara salati da ƙarfi, sauran matan suka amsa.